Girki da gas a Yamai: daga sayen butali zuwa kashe wutar mai

Tambayoyin da ke zuwa mini kan gas kusan iri ɗaya ne. Wata ta ce maigida ya kawo gas tun bara amma har yau a kan gawayi take girki, don tsoro. Wata ta ce kullum da safe tana jin wari a ɗakin girki, maƙwabciya ta ce mata ai haka gas yake. Ba haka yake ba. Gas ɗin girki ba shi da wari na kansa, da gangan ake zuba masa sinadari mai ɗoyi domin hanci ya kama yoyo tun wuta ba ta kama shi ba. Duk inda kika ji warin nan alhali ba kunnawa kike ba, akwai inda yake fita.

Abu ɗaya za ki riƙe kafin mu shiga matakan: gas ɗin nan ya fi iska nauyi. Idan ya tsere ba ya tashi sama, ƙasa yake bi kamar ruwan da aka zubar, ya kwanta ƙarƙashin tebur, bayan buhun shinkafa, cikin rami, ya jira tartsatsi. Da uwargida nake magana, amma gwauro da ɗalibi da mai shayi duk su ɗauka da su ake.

1. Sayen butali

A gidajen Yamai iri biyu aka fi gani. Akwai ƙaramin butali mai kilo 6 wanda ake murɗa masa kan wuta a bisa, a ɗora tukunya kai tsaye. Akwai babba mai kilo 12.5 wanda ake haɗawa da risho ta hanyar tiyo. Tun da matatar mai ta SORAZ da ke Damagaram ta fara aiki a 2011 gas ya yi sauƙi a ƙasar nan, kuma an daɗe farashin hukuma yana kan sefa 1.800 na mai kilo 6, wato jika ɗaya da dala 160, mai kilo 12.5 kuwa 3.750. Lokacin ƙaranci masu shago kan ɗora nasu a kai. Ranar farko ce mai tsada, domin a ranar ake biyan kuɗin ƙarfen kansa, wanda ya ninka kuɗin gas ɗin sau da yawa. Daga nan sai musanya, a kai fanko a karɓo cikakke. Ko na Gani Gaz ne, ko Oriba, ko Sonigaz, ko Niger Gaz, a duba wanda ake samu kusa da gida, tunda galibi da irinsa ake musanya shi.

Wajen musanyar nan ne ake sakaci. Yaro ake aika, mai shago ya miƙo wanda ya fi kusa da hannunsa. Maigida, ka koya wa wanda kake aika ya duba abu huɗu: hatimin roba na bakin butalin yana nan ba a ɓalle ba, gindin bai ci tsatsa ba, jikin bai lotsa ba, kuma idan an kai hanci bakinsa ba a jin wari. A karkata shi kaɗan a leƙa ƙasan, nan ne tsatsa ke fara ci saboda zaman ƙasa mai laima. Wanda ake zargin an rage masa gas, nauyin fankon yana rubuce a jikin ƙarfen, a haɗa shi da kilon gas ɗin a ɗora bisa sikeli.

Gargaɗi: a tsaye ake ɗauko shi, a tsaye ake ajiye shi. Gas ɗin da ke ciki ruwa-ruwa ne, an bar masa fili a sama don ya samu wurin kumbura in ya ji zafi. Kada a gangaro shi a ƙasa, kada a jefo shi daga kan moto, kada a bar shi cikin but ɗin mota a rana. Kuma kada a yarda da mai juye gas daga babban butali zuwa ƙarami a bayan shago, shi ba ya da abin da zai gane ya cika shi fiye da kima.

2. Tiyo, detandar da zobba

Mai ƙaramin butali na iya tsallake wannan mataki. Mai babba kuwa ta tsaya nan da kyau, domin yoyo a tiyo da mahaɗansa ya fi yawa, ƙarfen butali ba kasafai yake ba da matsala ba.

Detandar shi ne kan da ake ɗaurawa a bakin butali, yana rage ƙarfin gas kafin ya shiga tiyo. A jikin na gida za ki ga an rubuta lamba, galibi milibar 28 zuwa 30. Akwai wani iri mai ƙarfi da masu manyan murahu na sana'a ke amfani da shi, wannan ba na rishon gida ba ne, zai sa wuta ta riƙa tsalle daga kan murhu. A cikin bakin detandar akwai ƴar roba zagayayya. Ita ce ke toshe mahaɗin. Idan ta tsage, ta bushe ko ta faɗi, duk ƙarfin da aka sa wajen ɗaurewa gas zai fita. A sayi biyu ko uku a ajiye, ƴan kuɗi ne kaɗan.

Tiyo kuwa na gas za a saya, wanda aka rubuta a jikinsa cewa na gas ne. A Katako da sauran kasuwanni za a nuna maka mai sauƙin kuɗi, har da tiyon ban ruwa mai haske wanda ake ganin cikinsa. Araha ba ta ado. Gas yana cin irin wannan roba, zafi kuma ya sassauta bakinta. Tiyon ƙwarai na roba yana zuwa da shekarar daina aiki a buge a jikinsa, yawanci shekara 5 daga ƙira. A ganina, a zafin garin nan da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, bai kamata a jira shekarar ta cika ba. A lanƙwasa shi a duba. In an ga ƙananan tsaga, ko ya yi tauri, ko ɓera ya ɗan taɓa shi, ya gama aiki. Mita ɗaya da rabi ya isa, kada ya wuce mita 2, kuma kada a haɗa guntaye biyu don a ƙara tsawo.

Kowane bakin tiyo yana son zoben ƙarfe mai kusa da ake matsewa da sukudireba, ɗaya wajen detandar, ɗaya wajen risho.

Gargaɗi: robar tayar moto, waya, zare ko salatif ba sa maye gurbin zobe. Tiyon da ya huje kuma ba a naɗe shi da leda, canza shi ake yi.

3. Wurin ajiya

Risho ya hau tebur mai ƙarfi wanda ba ya rawa, ya fi bakin butali tudu. Butali ya zauna a ƙasa mai daidai, kamar mita ɗaya daga wuta, inda hannu zai kai ga famfonsa, wato abin murɗawa na bakinsa da ke buɗe gas da rufe shi, ba tare da an tsallaka ta kan tukunya ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne mutane suka fi mantawa. Ranar da mai ya kama, famfon nan za ki nema, kuma in yana bayan wutar ba ki da hanyar zuwa. Tiyo kada ya bi ta bayan murhu inda zafi ke dukansa, kada ya naɗe, kada a ɗora masa kaya.

Iska ta riƙa shiga ta ƙasa. Tagar da ke can kusa da rufi tana fitar da hayaƙi, amma ba ta fitar da gas ɗin da ya kwanta a daɓe. Ƙofa a buɗe lokacin girki ita ce magani. Wanda ke girki a tsakar gida ya nemi inuwa da kariyar iska, butali bai kamata ya wuni cikin rana ba. A nisanta shi da murhun gawayi, da kaskon turaren wuta, da bidon ɗin fetur na moto, da janareto, da bakin masai ko magudanar ruwa. Labule, tsumma, ledoji da zanar rumfa su yi nesa da harshen wuta.

Gargaɗi ga masu ɗaki ɗaya a gidan haya: kada butali ya kwana a inda yara ke kwance kan tabarma. Su ne a ƙasa, su gas zai fara tararwa. Kuma da sanyin Disamba da Janairu kada a rufe ƙofa da taga a kunna gas don ɗumama ɗaki. Wutar da ba ta samun iska tana fitar da wata guba marar wari da launi, wadda ke fara wa mutum da ciwon kai, jiri da tashin zuciya, ta kuma iya kashe shi cikin barci.

4. Haɗawa

A kashe duk wata wuta da ke kusa, har maganin sauro mai hayaƙi da sigarin maigida. A buɗe ƙofa. A tabbatar makunnan risho duka suna rufe, famfon butali ma a rufe, sannan a cire hatimi. A duba ƴar robar nan, a ɗora detandar a miƙe.

Idan detandar mai murɗawa ne irin na Faransa, zarensa na hagu ne. Ana ɗaure shi ta ɓangaren da aka saba kwance murfin kwalba. Da yawa sun lalata zare saboda rashin sanin wannan. Da hannu ake matse shi, ba da filaya ba, matsi mai yawa yana murƙushe robar. In kuma mai dannawa ne, a danna har a ji ya kama, a ɗan ja sama a ga bai fito ba.

Ƙaramin butali a waje ake ɗaura masa kai. A rufe makunnin kan tukuna, a saita shi daidai, a murɗa ba tare da tsayawa a rabi ba. Za a ji ɗan huci na daƙiƙa ɗaya ko biyu, ya ɗauke da zarar kan ya zauna. Idan hucin bai ɗauke ba, a kwance a duba roba.

5. Gwajin kumfa

Wannan minti biyu ne, kuma duk lokacin da aka canza butali sai an yi shi. A kaɗa sabulu ko Omo a ɗan ruwa har ya yi kumfa. A buɗe famfon butali, makunnan risho suna rufe. A ɗauki soso a shafa kumfar a bakin butali, a mahaɗin detandar, a bakunan tiyo biyu, sannan a bi tiyon duka. A zuba ido. Inda kumfa ke kumbura tana hura ƙwai, nan ne yoyo. A rufe famfo, a gyara, a sake gwadawa. In daga bakin butalin kansa ne, a fitar da shi fili a mayar wa mai shago, ba gyaran gida ba ne.

Gargaɗi: har yanzu akwai masu ƙyasta ashana su zagaya mahaɗi da ita, wai in akwai yoyo za su ga ƴar wuta. Duk mai gyaran da ya yi haka a gidanki, ki sallame shi.

6. Kunnawa da kashewa

Komai ya zama a shirye kafin wuta: albasa a yanke, tukunya a kusa, ashana a hannu. Ki shaƙi iskar ɗakin tukuna, musamman da asuba. In babu wari, ki buɗe famfon butali, ki ƙyasta ashana, ki kai ta bakin murhu, sannan ki murɗa makunni. Wuta ce ke jiran gas. Mai buɗe gas sannan ta tafi neman ashana a kan taga, ita ce wuta ke yi wa bup a fuska ta ƙone gira. Idan ashana ta mutu kafin ya kama, ki rufe makunni, ki jira warin ya wuce, ki sake daga farko. Risho mai kunna kansa ma haka ne, in ya yi ƙyas-ƙyas sau biyu ko uku bai kama ba, a rufe a dakata.

Lafiyayyar wuta shuɗiya ce, tana zagaye kan murhu daidai. In ta koma ja ko rawaya tana baƙanta gindin tukunya, ƙofofin kan sun toshe da miya ko ƙurar hunturu. A bari ya huce, a cire kan, a wanke, a zure ƙofofin da tsinke, ya bushe sarai kafin a mayar.

Wajen kashewa, idan an gama girkin gaba ɗaya, ki fara rufe famfon butali, wutar ta cinye abin da ya rage a tiyo ta mutu da kanta, sannan ki rufe makunnin risho. Kada ki manta da makunnin, in ba haka ba gobe kina buɗe famfo gas zai fara fita. Famfon nan a rufe yake kwana, a rufe ake barinsa in za a fita, ko da zuwa barka ne a maƙwabta. Yaro na iya murɗa makunni, ɓera na iya cin tiyo da dare, amma in famfo na rufe abin da zai fita kaɗan ne.

Gargaɗi: gas ya kusa ƙarewa, tuwo bai nuna ba, sai a kwantar da butali, ko a jijjiga shi, ko a tsoma shi cikin ruwan zafi. Kwantarwa na iya tura ruwan gas cikin tiyo, wuta ta tashi har rufi. A sauke tukunyar a ƙarasa a gawayi, can nesa da butalin.

7. Lokacin girki

Tukunyar da aka bari ita kaɗai ita ce tushen yawancin gobarar madafi. Hanya biyu take bi. Ko wake ko madara su tafaso su kashe wutar, gas ya ci gaba da fita shiru. Ko mai ya yi zafi fiye da kima ya kama da kansa. Iskar hunturu da fanka ma suna kashe ƙaramar wuta ba a sani ba. In an yi sallama a ƙofa ko waya ta yi ƙara kina suya, ki kashe kafin ki tafi. Da azumi abin ya fi yawa: suyar ƙosai da fanke dab da shan ruwa, kowa na gaggawa, ga kuma ɗumamen sahur da ake ɗorawa a koma a ɗan kishingiɗa.

Mai kada ya wuce sulusin kasko, iyaka rabi. Kifi, dankali da awara a tsane su kafin su shiga. Da kin ga mai ya fara hayaƙi, ya kusa kamawa, ki kashe ya huce. Hannun kasko ya juya ciki, inda yaro ba zai jawo ba.

Sai tufafi. Dogon hijabi, mayafi, lafaya da hannun riga mai faɗi suna kai kansu ga wuta ba ki sani ba, yadin roba kuwa narkewa yake ya manne a fata. Ki ɗaure ɗankwali, ki naɗe hannu, atamfa ta fi. Ba a girki da goyo a gaba, ba a sauke tukunya da bakin zane.

Ƙaramin butali yana da nasa haɗari. Tukunyar suna ko ta biki ba tasa ba ce. Nauyi zai kifar da shi, faɗin gindinta kuma yana mayar da zafi ƙasa kan bakin butalin inda roba take. A sa masa mazaunin ƙarfe irin wanda maƙera ke yi, wanda ke ɗauke nauyin tukunya, musamman in za a tuƙa tuwo. Ba a ɗaga shi ta kan wuta, ba a matsar da shi yana ci.

8. In kin ji wari

Kada ki ƙyasta komai. Kada ki taɓa makunnin lantarki, ko kunnawa ko kashewa, kada ki zare wata waya daga bango, kada ki kunna fanka wai ta kore shi. Kowannensu na iya ba da tartsatsi. Ki rufe famfon butali, ki buɗe ƙofofi da tagogi duka, ki fitar da yara, ki gaya wa maƙwabta su kashe gawayinsu. Waya a waje ake bugawa.

Akwai wani abu da ya shafe mu a nan. Idan lantarki ya ɗauke sai mutum ya ga ai babu haɗarin tartsatsi. Kamfanin lantarki NIGELEC na iya dawo da wuta kowane lokaci, firigo da fanka su tashi da kansu cikin ɗakin da gas ya cika. In kwantar lantarkin gidan tana waje, nesa da warin, a kashe daga can. Kuma cikin duhu ba a shiga da kyandir ko fitilar kwai neman inda yake fita.

In an rufe famfo amma butali bai daina huci ba, a ɗauke shi a tsaye a kai fili, nesa da wuta da rami da mutane, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18.

9. In wuta ta kama

Wutar mai a kasko: ki kashe gas, ki turo murfin ƙarfe ko babban faranti daga gefe ya rufe kaskon ruf, ki bar shi a wurin akalla rabin awa. In kika ɗaga da wuri zai sake kamawa. Saboda haka murfin da ya kai faɗin kasko ya kasance kusa tun kafin a fara suya. Bokitin busasshen yashi a bakin ƙofa ma yana aiki ga man da ya zube yana ci a ƙasa, kuma yashi ba abin saye ba ne a Yamai. Wanda ya sayi abin kashe gobara mai hoda ya rataye shi kusa da ƙofa, ya kuma fesa daga ɗan nesa don kada ƙarfinsa ya watsa man.

Gargaɗi: ruwa ba ya shiga wutar mai, ko kofi ɗaya. Yana nutsewa ƙasan man, ya zama tururi nan take, ya watso man mai ci sama da gefe. Gari ma ba a watsawa. Kuma kada ki ɗauki kaskon ki yi waje da shi, a hanya yake zubewa a ƙafa ko a kan yaron da ya biyo ki.

Wuta a tiyo ko a bakin butali: maganinta yanke gas. In hannu zai kai, a naɗe shi da jiƙaƙƙen tawul a rufe famfo, wutar za ta mutu. Kashe harshen wutar a bar gas na fita ya fi barinta muni, tunda zai taru ya kama gaba ɗaya. Kada a shure butalin ya faɗi. In famfo ba ya kamuwa, ko wutar ta kama rufi da kaya tana gasa jikin butalin, kowa ya fita ya yi nisa, a kira 18, a faɗi unguwa da wata alama da aka sani, a kuma faɗa musu akwai gas a ciki da adadinsa. A tura yaro bakin titi ya tarbi motar, lungunanmu ba duka ke da suna ba.

Wuta a tufafi: gudu yana hura ta. A faɗi ƙasa a yi birgima, na kusa ya lulluɓe mutum da bargo ko babban zane na auduga.

10. Ƙuna

A zuba ruwa mai sanyi na famfo ko na randa a wurin har minti 20, ba ƙanƙara ba. A cire zobe, awarwaro da agogo kafin wurin ya kumbura. Tufafin da ya manne a fata a bar shi, a yanke na gefensa kawai. Kada a fasa ƙurajen ruwa. Man goge baki, ɗanyen ƙwai, gishiri, manja, toka da tawada duk ba sa warkar da ƙuna, suna sa ta ruɓe, kuma sai ma'aikacin lafiya ya kankare su kafin ya fara aikinsa. A rufe da tsabtataccen ƙyalle marar gashi.

Ƙunar da ta kai faɗin tafin hannun mai ita, ko ta taɓa fuska, hannu, gaɓa ko al'aura, ko wurin ya yi fari ko baƙi ba ya zafi, ko ta samu jariri ko tsoho, ta wuce jinyar gida. Haka wanda ya shaƙi hayaƙi muryarsa ta dushe, ko da fatarsa lafiya lau. A fara da asibitin unguwa mafi kusa in ƙarama ce, babba kuwa a wuce kai tsaye Babban Asibitin Ƙasa na Yamai, a lulluɓe sauran jikin yaro a hanya don kada sanyi ya kama shi bayan ruwan da aka zuba masa.